Dutsen Naɗin Sarakunan Sikotilan: Ina Gaskiya, Ina Almara?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu leƙa arewacin tsibirin Birtaniya, wato ƙasar Sikotilan, inda ake da wani dutse da aka shafe fiye da shekara 700 ana ja-in-ja a kansa. Sarakuna sun zauna a kansa, an ɗauke shi ganimar yaƙi, ɗalibai sun sato shi da tsakar dare, masana kuma sun yi ta ƙwaƙular ɓarɓashinsa a ɗakin bincike. Mutanen ƙasar suna ce masa Dutsen Ƙaddara, wasu kuma su ce Dutsen Sikun, da sunan garin da aka fara saninsa, wanda ake rubutawa Scone.

Tambayoyi uku za mu bi a cikin shirin. Ta farko, daga ina dutsen ya fito? Ta biyu, wanda Sarkin Ingila ya ƙwace a shekarar 1296, shi ne na ainihi ko jabu aka miƙa masa? Ta uku, wanda ɗalibai suka mayar a 1951, shi ne wanda suka ɗauka? Sai a gyara zama.

(Ɗan kiɗa)

Bari mu fara da siffanta shi, tunda rediyo ba ta nuna hoto. Duk wanda ya ji irin sunan da dutsen nan ya yi, zai zaci zinariya ce ko lu'ulu'u. Ko kusa. Dutsen yashi ne mai ɗan ja-ja, mai kusurwa huɗu. Tsawonsa santimita 66, faɗinsa kimanin 42, kaurinsa kimanin 27, nauyinsa kuma kilo 152. A gefuna biyu an kafa masa zoben ƙarfe ɗaya-ɗaya. A samansa akwai wani ɗan zanen gicciye da aka yi ba da wata gwaninta ba, da wasu tsage-tsage da sawun kurfi da guduma. Ba ado, ba rubutun yabo. Da za a yar da shi a bakin hanya, da mutum ya wuce shi bai waiwaya ba.

To me ya ba shi daraja? Al'adar naɗi. A zamanin da, Sarkin Sikotilan ba da kambi yake zama sarki ba, kuma ba a shafa masa man tsarki kamar yadda ake yi wa sarakunan Ingila da Faransa. Zaunar da shi ake yi. A kan kai shi Sikun, kusa da birnin Perth a gaɓar kogin Tay, a fito da shi fili kusa da wani ɗan tudu, babban basaraken yankin Fife ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kan dutsen. Da ya zauna, sarauta ta tabbata. Sikun kuwa tsohon wurin taron sarakuna ne, domin littattafan tarihi sun ambaci taron da Sarki Constantine na biyu ya yi da babban bishop a kan tudun nan a wajajen shekarar 906. A farkon ƙarni na 12 aka kafa gidan ibada na ruhubanawa a wurin, wato malaman coci masu zaman zuhudu, su ne kuma suka zama masu tsaron dutsen.

Naɗin da aka fi samun cikakken bayaninsa shi ne na Sarki Alexander na uku, a 1249, yana ɗan shekara bakwai. An lulluɓe mazaunin da alharini mai ratsin zinariya, aka zaunar da yaron, manyan ƙasa suka yi mubaya'a. Daga nan wani dattijo masanin nasaba ya fito ya durƙusa, ya shiga jero sunayen kakannin sarki da harshen Gelik, wane ɗan wane ɗan wane, har ya dangana da wata mace mai suna Scota. A riƙe sunan nan, domin a kanta almarar ta ginu.

(Ɗan kiɗa)

Ga yadda almarar take. An ce wannan dutse shi ne wanda Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi matashin kai da shi a wani wuri mai suna Betel a ƙasar Falasɗinu, a daren da ya yi mafarkin tsani daga ƙasa zuwa sama, mala'iku suna hawa suna sauka. Wannan ƙissa tana cikin Littafin Farawa na Baibul, babi na 28. Masu almara suka ɗora daga nan, suka ce zuriyarsa sun tafi da dutsen Masar. A can wani yarima Bagirke mai suna Gaythelos ya auri Scota, ɗiyar Fir'auna. Da masifu suka sauka a Masar a zamanin Annabi Musa, sai suka tsere da jama'arsu da dutsen, suka bi ta teku suka sauka Sifaniya. Daga Sifaniya jikokinsu suka haye Ailan, suka kafa dutsen a kan tudun Tara, inda ake naɗa manyan sarakunan tsibirin. An ce idan sarki na gaskiya ya taka shi, sai dutsen ya yi ruri, in kuwa mai ƙwace ne sai ya yi gum.

Labarin ya ci gaba da cewa wajajen shekara ta 500 wani sarki mai suna Fergus ya ƙetara da dutsen zuwa yammacin Sikotilan, sannan wajajen 843 Kenneth MacAlpin, wanda ake ɗauka shi ne ya haɗe masarautun ƙasar, ya kawo shi Sikun. Har da wani hasashe aka jingina masa, wai duk inda dutsen ya sauka, jinin Sikotilan ne zai yi mulki a wurin.

Mai sauraron da ya san labarin Bayajidda, wanda aka ce ya taso daga Bagadaza har ya iso Daura, ba zai yi mamakin wannan ba. Al'ummomi da yawa suna son jingina asalinsu da Gabas, ƙasar annabawa da manyan dauloli, domin hakan yana ƙara wa sarauta kwarjini.

Abin da masanin tarihi yake tambaya game da irin wannan labari shi ne: wa ya fara rubuta shi, yaushe, kuma don me? A nan ne labarin yake ƙara daɗi.

A 1286 Sarki Alexander na uku ya faɗo daga kan doki cikin dare ya mutu, 'ya'yansa duk sun riga shi rasuwa. Magajiyarsa jikarsa ce, Margaret, ƙaramar yarinya da ke zaune a Norwe, ita ma ta rasu a kan hanya a 1290. Mutum 13 suka fito neman sarauta. Don gudun yaƙin basasa, manyan ƙasa suka gayyaci maƙwabcinsu, Sarki Edward na ɗaya na Ingila, ya raba gardama. Edward ya ce ya yarda, amma sai kowa ya amince shi ne uban ƙasa a kan Sikotilan. Ya zaɓi John Balliol, aka zaunar da shi a kan dutsen ranar 30 ga Nuwamba, 1292. Shi ne sarki na ƙarshe da aka naɗa a kan dutsen a Sikun.

Edward ya mayar da Balliol tamkar yaronsa. Da mutanen Sikotilan suka gaji suka ƙulla ƙawance da Faransa, sai ya auka musu a 1296. Ya yi kisan gilla a garin Berwick, ya karya rundunarsu a Dunbar, ya tuɓe Balliol, ya kwashe takardun mulki da kayan sarauta, ya haɗa da dutsen, ya kai Landan. Manufarsa a fili take: in babu dutse babu naɗi, in babu naɗi babu sarki. Ya sa wani gwani mai suna Walter na Durham ya ƙera karagar katako da gurbi a ƙarƙashin mazauninta, aka kammala wajajen 1300, aka zura dutsen a ciki, aka ajiye a majami'ar Westminster. Tun daga 1399 akwai tabbacin cewa a kan wannan karaga ake ɗora wa sarakunan Ingila kambi, dutsen Sikotilan yana ƙarƙashinsu.

Rigimar ta kai gaban Fafaroma Boniface na takwas. A 1301 Edward ya aika da hujjarsa, ita ma almara ce. Ya ce wani jarumi mai suna Brutus, daga zuriyar mutanen birnin Troy, shi ne ya fara mallakar tsibirin Birtaniya, ya raba wa 'ya'yansa uku, babban ya ɗauki Ingila, ƙannensa suka ɗauki Sikotilan da Wales, saboda haka ƙane dole ya bi wa. Lauyan Sikotilan, wani malamin coci mai suna Baldred Bisset, ya mayar da martani da tasa almarar. Ya ce su ba su da haɗi da Brutus, su jikokin Scota ne ɗiyar Fir'auna, wadda ta zo da mazaunin sarautarta tun daga Masar, shi ne kuma wanda Edward ya ɗauke da ƙarfin tsiya.

Labarin Scota ya girmi Bisset, amma takardarsa tana cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa da suka haɗa dutsen da Masar, kuma an rubuta ta shekara biyar bayan an ƙwace shi. Danganta shi da Annabi Yakubu ma a rubuce-rubucen ƙarni na 14 ya bayyana. Marubutan da suka biyo baya, irin su John na Fordun da Walter Bower da Hector Boece, kowa ya ƙara nasa gishirin. Wato dai almarar makami ce a shari'ar neman 'yanci. Ƙasar da aka fi ƙarfi a fagen fama ta koma tana kare kanta da nasaba.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu mu ji ta bakin dutsen kansa. Kowane dutse yana ɗauke da shaidar inda ya fito, a cikin irin yashinsa da girman ƙwayoyinsa da ma'adinan da suka haɗa shi. Tun ƙarni na 19 masana ilimin duwatsu suka duba shi suka ce wannan ai ɗan gida ne. Masanin tarihi William Skene ya rubuta littafi a kansa a 1869, shi ma ya kai ga wannan matsaya. Bayan an mayar da dutsen Sikotilan, hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya ta sake nazarinsa a 1998 da kayan aiki na zamani. Sakamakon ya nuna jan dutsen yashi ne mai shekara kimanin miliyan 400, irin wanda ke shimfiɗe a ƙarƙashin yankin Sikun, ya kuma yi daidai da na wani tsohon wurin fasa dutse da ake kira Quarrymill, ɗan taƙi kaɗan daga inda gidan ibadar yake.

Tuddan da ke kewaye da Betel kuwa na farin dutse ne, irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa. Dutsen Tara kuma, wanda mutanen Ailan ke kira Lia Fail, dogon ginshiƙi ne da har gobe yana tsaye a kan tudunsa, masu yawon buɗe ido suna zuwa kallo. Saboda haka amsar tambayarmu ta farko ta fito: dutsen bai zo daga Falasɗinu ba, bai bi ta Masar ko Sifaniya ko Ailan ba. A Sikun aka fasa shi.

Masu binciken sun lura da wani abu kuma. Saman dutsen ya goge irin gogewar da tafin ƙafa ke yi, abin da ya sa wasu ke ganin ya taɓa zama matakala ko dokin ƙofa a wani tsohon gini kafin ya zama mazaunin sarki. A 2023 hukumar kula da kayan tarihi ta Sikotilan ta ɗauki hotonsa ta kowace kusurwa da na'ura, ta gano burbushin tagulla a samansa, alamar an taɓa ɗora wani abu na tagulla a kai, da burbushin farar ƙasa irin ta zubi, alamar an taɓa ɗaukar kwafinsa.

To amma wannan amsa ita ce ta haifi tambaya ta biyu. Wasu suka ce: ai ga shi nan, kun faɗa da bakinku! Dutsen da ke Landan ɗan Sikun ne domin jabu ne. Ruhubanawa sun ji labarin Edward yana tafe, suka ɓoye na ainihi, suka fasa wani a bayan gida suka miƙa masa. Masu barkwanci ma cewa suke yi murfin masai aka ba shi, sarakunan Ingila suka yi ta zama a kai shekara ɗaruruwa. Alex Salmond, wanda ya shugabanci gwamnatin Sikotilan, ya fito fili a 2008 ya ce shi ma yana ganin mai yiwuwa an yaudari Edward.

Masu wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Na ɗaya, wani marubucin Ingila na wancan zamani, Walter na Guisborough, ya siffanta dutsen da cewa babba ne, mai lotsawa a tsakiya, kamar zagayayyar kujera, wasu marubutan kuma suka ce marmara ne. Wannan bai yi kama da dutsen da muka siffanta ba. Na biyu, hatiman sarakunan da suna nuna sarki a kan mazauni mai tsayi, alhali santimita 27 ba ta kai tsayin kujera ba. Na uku, a 1298 sojojin Edward sun koma Sikun sun yi kaca-kaca da gidan ibadar, masu zargi suka ce na ainihin suke nema. Na huɗu, a 1819 wata jaridar Landan ta buga wasiƙar da ke cewa ma'aikata sun faɗa wani ɗaki a ƙarƙashin tudun Dunsinane, wanda ake dangantawa da Sarki Macbeth, suka tarar da wani baƙon dutse, aka aika da shi Landan.

Bari mu auna su ɗaya bayan ɗaya. Dutsen Dunsinane, tun daga ranar da aka buga wasiƙar har yau babu wanda ya fito da shi ya nuna. Zancen hatimi kuwa, dutsen ana iya ɗora shi a cikin wani mazauni na katako ko na gini, a lulluɓe da alharini, kamar yadda aka yi a 1249, saboda haka mai sassaƙa hatimi mazaunin yake zanawa gaba ɗaya. Marubutan da suka ce marmara kuma, yawancinsu ji suka yi, ba su gani ba. Harin 1298 ya zo ne a tsakiyar yaƙi, bayan tawayen William Wallace, lokacin da sojojin Ingila ke ɓarna a wurare da dama.

Sannan akwai hujjoji biyu masu nauyi a ɗaya ɓangaren. A naɗin Balliol na 1292, basaraken Fife ƙaramin yaro ne, saboda haka wani jami'in Edward mai suna John de St John ne ya zaunar da sabon sarki a madadinsa. Mutanen Edward sun ga dutsen da idonsu shekara huɗu kacal kafin su ɗauke shi. Yaudararsu ba za ta yi sauƙi ba. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. An naɗa Robert Bruce sarkin Sikotilan a Sikun a 1306 ba tare da dutsen ba, a lokacin da yake matuƙar bukatar duk abin da zai halatta sarautarsa. Ya ci Ingila da yaƙi a Bannockburn a 1314, ƙasa ta dawo hannunsa. In da na ainihi yana ɓoye a kogo ko a gindin kogi, me zai hana a fito da shi a kunyata Ingila a idon duniya? Maimakon haka, mutanen Sikotilan neman a mayar musu da na Landan suka yi. Lokacin sulhun da ƙasashen biyu suka yi a 1328 an ba da umarnin a mayar, amma mutanen Landan suka taru suka hana a fitar da shi. Har aka rushe gidan ibadar Sikun a 1559, babu wani sarkin Sikotilan da ya ce ga dutsen gaskiya a hannunsa. Shi ya sa galibin masana tarihi suka tsaya a kan cewa wanda Edward ya ɗauka shi ne wanda aka zaunar da Balliol a kai.

(Ɗan kiɗa)

Dutsen ya zauna a Westminster. A 1603 Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta rasu ba magaji, sarautar Ingila ta faɗa hannun Sarkin Sikotilan James na shida, aka ɗora masa kambi a kan dutsen kakanninsa. Masu riƙo da hasashen nan suka ce ai ga shi ya tabbata. A 1707 ƙasashen biyu suka haɗe majalisunsu. Mu ma a nan dutsen ya shafe mu ta wata fuska, domin Sarki Edward na bakwai, wanda da sunansa sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato a 1903, a kan wannan dutse aka naɗa shi a 1902. A 1914 mata masu fafutukar neman 'yancin zaɓe suka dasa bam kusa da karagar, ya ɓantare mata wani sashe. A yaƙin duniya na biyu kuma aka ɓoye dutsen a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a cikin majami'ar.

Sai daren Kirsimeti na 1950. A lokacin ana wani gangami na neman a ba Sikotilan majalisarta, wanda mutum kusan miliyan biyu suka sa wa hannu, gwamnatin Landan kuma ta yi kunnen uwar shegu. Matasa huɗu daga Gilasgo, Ian Hamilton da Gavin Vernon da Alan Stuart da wata budurwa Kay Matheson, suka shiga ƙananan motoci biyu suka nufi Landan. Kafin asuba suka ɓalle wata ƙofar gefe, suka shiga majami'ar, suka jawo dutsen daga ƙarƙashin karaga. Garin ja sai ya rabe biyu. Hamilton ya rungumi ƙaramin ɓangaren ya kai mota inda Kay ke jira. Sai ga ɗan sanda. Nan take suka rungumi juna kamar masoyan da suka rasa masauki, ɗan sanda ya ɗan yi hira da su ya sallame su. Babban ɓangaren kuwa a kan kwat aka ɗora shi aka ja, aka kai shi yankin Kent aka ɓoye a wani daji.

Gari na wayewa ƙasa ta ɗauka. Aka datse hanyoyin kan iyakar Ingila da Sikotilan ana binciken motoci. Da ƙura ta lafa aka kai ɓangarorin biyu Gilasgo, inda wani kansila mai sana'ar sassaƙa dutse, Robert Gray, ya sa aka haɗe su da sandunan ƙarfe. Ranar 11 ga Afrilu, 1951, aka ajiye dutsen a kangon majami'ar Arbroath, lulluɓe da tutar Sikotilan. An zaɓi wurin da gangan, domin da sunan Arbroath aka san wasiƙar shelar 'yanci da manyan ƙasar suka aika wa Fafaroma a 1320. 'Yan sanda suka mayar da shi Landan. Ba a gurfanar da kowa ba, gwamnati ta ga shari'a za ta mayar da matasan jarumai ne kawai. A 1953 aka naɗa Sarauniya Elizabeth ta biyu a kansa.

Nan tambaya ta uku ta taso. Robert Gray ya taɓa sassaƙa kwafin dutsen tun shekaru kafin wannan lamari, kuma har ya rasu yana jin daɗin barin mutane cikin ruɗu game da wanda aka mayar. Wata coci a Dundee ta daɗe tana ajiye da wani dutse da ake cewa shi ne na gaskiya, wata mashaya a Gilasgo ma tana da nata. Amma Ian Hamilton, wanda ya zama babban lauya ya rasu a 2022, ya tsaya a kan cewa na ainihi suka mayar. Binciken da aka yi wa dutsen tun daga 1996 ya goyi bayansa: ga tsagar da ya yi, ga gyaran 1951, ga tsofaffin sawun sassaƙa na zamani daban-daban, ga gogewar ɗaruruwan shekaru da ba a iya ƙirƙira cikin wata uku, kuma duk sun dace da hotuna da bayanan da aka yi kafin 1950. Abin da Gray ya riƙe shi ne ƙananan gutsattsarin da suka zube wajen gyara, fiye da 30, ya rarraba wa abokai da 'yan siyasa, kamar yadda binciken Farfesa Sally Foster ta Jami'ar Stirling ya nuna.

(Ɗan kiɗa)

A watan Yuli na 1996, shekara 700 cif bayan ƙwace shi, Firaminista John Major ya sanar da cewa za a mayar da dutsen Sikotilan, da sharaɗin za a riƙa kai shi Westminster duk lokacin naɗin sarki. Ranar 30 ga Nuwamba aka shigar da shi tsohuwar fadar Edinbara, aka ajiye kusa da kambi da takobin sarautar ƙasar. Mutane da yawa sun ɗauki kyautar a matsayin neman ƙuri'a. In haka ne, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, domin a zaɓen 1997 jam'iyyar Major ba ta ci kujera ko ɗaya ba a Sikotilan, a 1999 kuma ƙasar ta buɗe majalisarta. An cika sharaɗin a 2023, aka kai dutsen Landan don naɗin Sarki Charles na uku ranar 6 ga Mayu, aka dawo da shi. Tun watan Maris na 2024 yana sabon gidan tarihi na Perth, 'yan kilomitoci kaɗan daga inda aka fasa shi. A hukumance har yanzu mallakar gidan sarautar Birtaniya ne.

Jama'a masu sauraro, ga inda muka kwana. Dutsen Ƙaddara ba matashin kan Annabi Yakubu ba ne, ilimin duwatsu ya rufe wannan babi. Hujjoji mafi rinjaye sun nuna shi ne wanda Edward ya ɗauka daga Sikun a 1296, kuma shi ne wanda ɗalibai suka mayar a 1951. Darajarsa daga mutane ta fito: waɗanda suka zaunar da sarakunansu a kansa, da wanda ya ƙwace shi don ya shafe ƙasa, da waɗanda suka ƙi mantawa da shi tsawon ƙarni bakwai. Almarar Scota ma tana da amfani ga mai nazari, domin tana gaya mana halin da mutanen 1301 suke ciki da irin hujjar da ake saurara a zamaninsu.

Kiranmu gare ku shi ne, duk lokacin da aka kawo muku labarin wani kayan tarihi, na gida ko na waje, kada ku yi saurin haɗiyewa, kada kuma ku yi saurin watsarwa. Ku tambayi wanda ya fara faɗa, da lokacin da ya faɗa, da abin da yake nema da faɗar, sannan ku nemi jin abin da masu bincike suka gano a jikin abin kansa. Malaman makaranta da ke saurarenmu, ku koya wa ɗalibai waɗannan tambayoyi tun suna ƙanana.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.  

(Kiɗan rufe shiri)